Wakilin Norlandiya a Zauren Gidanmu

"Ƙarya kake yi, Kassim! Wallahi ƙarya ne!"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kujerata ta kife ta baya, ƙararta ta cika amfin jami'a, wato babban zauren lacca, ɗalibai sama da sittin suka juyo suna kallona.

Mushe Idirisu (Mushe muke kiran malamai maza, daga Faransanci), malamin da ke shugabantar zaman, ya buga tebur da 'yar gudumarsa ta katako.

"Wakiliyar Saharaniya, ba a ba ki izinin magana ba. Kuma a nan babu wani Kassim. Wakilin Norlandiya ne a gabanki."

Na san haka. Duk mun san haka.

Shekara ta biyu ke nan da ake shirya mana wannan taro a Damagaram, inda ɗalibai ke kwaikwayon zaman ƙasashen duniya. Kowa a ba shi ƙasa, ya kare matsayinta ko yana so ko ba ya so. Batun bana shi ne kariya da tsaro a harkar nukiliya. Mushe Idirisu ya ƙirƙiro sunayen ƙasashen da kansa, ya ce ba ya son siyasar gaske ta shigo masa aji. A cikin hularsa muka ja takardu. Ni na jawo Saharaniya, matalauciyar ƙasa mai haƙo yuraniyom. Kassim ya jawo Norlandiya, mai arziki, mai tashoshin lantarki na nukiliya arba'in, wadda ke sayen abin da muke haƙowa. Ɗalibai biyu da suka fi kowa za su je zagayen ƙasa a Yamai.

Ranar da muka ja takardun, dariya muka yi ta yi.

"Shi ke nan, Ummuna," in ji shi. "Zan saye ƙasarki, har da ke a ciki."

"Ba ka da kuɗina," na ce masa.

Amma yau, a tsaye yake cikin farar shaddarsa, fuska ba annuri, ya dubi zauren ya ce:

"Babu wata hujja ta kimiyya da ta tabbatar cewa ciwon da ma'aikatan ramukanku ke kuka da shi daga yuraniyom ya fito. Tausayi daban, hujja daban."

Kassim fa. Kassim ɗin da ya san Babana.

Malam Yunusa, mahaifina, shekara goma sha tara ya yi yana aiki a ramin ma'adinai can arewa, bayan Agadas. Ya dawo mana unguwarmu ta Birni da tari. Shekara biyu yana yinsa, yana ramewa, har ranar da ya daina. Shekara huɗu ke nan da muka binne shi.

Na ɗauki jakata na fice. Ban ko tayar da kujerar ba.

A gindin bishiyar bedi da ke bayan amfin ya iske ni. Na juya masa baya.

"Ummul Khairi..."

"Kada ka kira sunana."

"Ummuna, dube ni mana."

"Wakilin Norlandiya ba shi da wata Ummu."

Ya zagayo gabana ya durƙusa a cikin yashi, shaddar nan fara sol.

"Abin da ke cikin dosiyen ƙasar, takardun da aka ba ni, ke nan. In ban faɗa ba, ban yi aikina ba. Ke ma kin sani."

"Na sani! Amma da ka sunkuyar da kai sa'ad da kake faɗa. Da muryarka ta ɗan yi rawa. Ka faɗe ta kamar kana karanta fatiha!"

"Na so ki tashi ki rusa ni da hujja. Na san kina da ita. Mako uku ina ganinki a laburare."

"Hujjata tana maƙabarta, Kassim."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Na yi kuskure," ya ce a hankali. "Ya kamata tun jiya in gaya miki abin da zan faɗa, kada ki ji shi a gaban mutane. Ki yafe mini wannan, zuciyata."

Zuciyar tawa ta so ta yi laushi, amma na hana ta. Na tare kabu-kabu na hau, ban waiwaya ba.

Ashe maganar ta riga ni isa gida.

Mai babur ya ajiye ni a bakin lungunmu, don yashin Birni ba ya barin babur ya shiga. Ina shiga zaure na iske Yaya Mahamud zaune, bai ko koma shagonsa na fata ba. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. Waya na hannunsa, muryar Kassim na fitowa daga cikinta.

"...Tausayi daban, hujja daban."

Ya sake kunnawa. Ya kuma sake.

"Wannan ne wanda baffanninsa za su zo tambayar aurenki ranar Asabar?"

"Yaya, wasa ne na lakwal, aikin makaranta kawai. Ba ra'ayinsa ba ne, ƙasa aka ba shi ya..."

"Wasa? Da gawar Baba ake wasa a jami'ar taku?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ka tsaya in yi maka bayani."

"Bakinsa ne ko ba bakinsa ba ne?"

"Bakinsa ne, amma..."

"To ya ishe ni. Ki aika masa, kada kowa ya taka ƙofar gidan nan ranar Asabar. In sun zo, ni zan mayar da su da kaina."

Abin mamaki, ni da na baro Kassim a durƙushe cikin yashi, sai ga ni ina kare shi.

Na karɓi wayar na duba. Sakan goma sha ɗaya kacal. Babu inda Mushe Idirisu ya kira shi wakilin wata ƙasa, babu allon da ke gabansa mai sunan Norlandiya. An yanke hoton daidai wuyansa. Na kalli sunan wadda ta turo.

Munira.

Ƙawata tun muna lise, wato sakandare. Ita ce sakatariyar taron, ita aka ba aikin ɗaukar bidiyo.

Na shiga cikin gida. Inna na tsakar gida tana gyaran zogale. Ba ta ɗago ba.

"Inna, kin ji?"

"Na ji."

"Wallahi ba haka yake ba..."

"Je ki ci abinci, Ummu."

Wannan shirun nata ya fi faɗan Yaya ciwo.

Washegari na tare Munira a ƙofar buro, wato ofishin sakatariya.

"Me na yi miki?"

Ta gyara mayafinta. "Ni taimakonki na yi. Gara danginki su san irin mutumin da za su ba ki."

"Shi ya sa kika yanke allon?"

Ta kau da kai.

"Munira, ni ce fa. Faɗa mini gaskiya."

"Gaskiya kike so?" Muryarta ta tashi. "Ke ce ta ɗaya a maki, shi na biyu, ni ta uku. Kullum haka. Tun lise haka. Ke ce za ki Yamai, ke ce ya zaɓa. Ni na fara gaishe shi a shekarar farko, ni na haɗa ku ma! Ko sau ɗaya kin taɓa tambayata yadda na ji?"

Gaskiya ne, ban taɓa tambaya ba.

"Da kin gaya mini," na ce daga ƙarshe. "Da kin zage ni ma, da ya fi. Amma Inna kika sa wa wuƙa, Munira, ba ni ba."

Na bar ta tsaye a wurin.

Kwana uku ban ɗauki kiran Kassim ba. Saƙonsa kuwa ina karantawa, in goge, in yi da-na-sanin gogewa. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya zo.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Tun kafin a amsa na gane muryar.

Na leƙa zaure. Ya rame a kwana huɗu, ko idona ne.

"Ka tafi kafin Yaya ya dawo daga masallaci."

"Shi na zo gani. Amma tunda ke Allah ya fara nuna mini, bari in kalle ki tukuna."

"Kassim, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce wasa nake? Kakata ta ce in ban dawo da labari mai daɗi ba, kada in ci tuwonta. Kwana huɗu tana zagina da Barbarci."

Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta, sai hawaye ya fito a madadinta.

"Ba ka san gidan nan ba ne. A nan kamar Baba bai mutu ba har yau. Hularsa na rataye inda ya bar ta. Inna kullum a kan bencinsa take wuni, wanda ya ƙera da hannunsa da bututun ƙarfen da ya zo da su daga arewa. A kai take salla in ƙafarta ta matsa mata, a kai take goyon jikokinta. Sai kuma su ji kana cewa..."

"Tsaya."

Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Bututun daga ina ya samo su?"

"A wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa a can. Me ya faru?"

"Kusa da inda yake aiki?"

"Ina jin haka. Kassim, kana ba ni tsoro."

Ya shafa kansa. Shi ɗalibin kimiyyar fizik ne, ni ta fannin shari'a. Akwai abubuwan da yake karantawa a dosiyensa da ni ban kai gare su ba.

"Ummuna, mai yiwuwa ba komai. Amma a cikin abin da na karanta saboda taron nan, akwai labarin ƙarafan da suka yi aiki a irin waɗannan wurare. Wani lokaci burbushin abin yana manne a cikinsu, yana fitar da turirin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Shekara nawa tana zama a kai?"

"Shida..."

"Akwai na'urar aunawa a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Zan roƙi malaminmu ya ba ni aro. Minti goma kawai nake buƙata a tsakar gidanku."

"A tsakar gidan wa?"

Yaya Mahamud ne tsaye a bakin ƙofa, tasbaha a hannu.

Kassim ya zube ƙasa. "Barka da yamma, Yaya."

"Ban haɗa uwa da kai ba. Ka gama zagin ubanmu a gaban jama'a, yanzu kuma cikin gidansa kake so ka shiga?"

"Yaya, ka kore ni bayan na auna. Ka hana ni Ummu in ka ga dama, ikonka ne. Amma don Allah ka bari a duba bencin nan."

"Fita!"

"Mahamud."

Muryar Inna ce daga bayan labulen zaure. Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba.

"Ka bar shi ya zo gobe da safe."

"Inna, yaron nan fa..."

"Na ji abin da ya faɗa a waya, na kuma ji abin da ya faɗa yanzu. Ya zo."

Da hantsi ya zo, ɗauke da wata 'yar na'ura mai launin ɗorawa, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya durƙusa nesa da Inna ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Yaya ya harɗe hannu a ƙirji ya jingina da bango.

Kassim ya kunna na'urar. Ta fara ƙara a hankali. Ƙyas... ƙyas...

"Kada wannan ya tsorata ku," in ji shi. "Ko'ina a duniya haka take yi. Ƙasa da duwatsu ma suna da nasu ɗan kaɗan."

Ya kai ta bakin randa. Ƙyas... ƙyas...

Ya kai ta ƙofar ɗakin girki, ya kai ta jikin tukwane. Duk ɗaya.

Sannan ya nufi bencin da ke gindin bango, inda inuwa ke sauka da rana. Inna ta ɗora masa tsohuwar darduma. Ya ɗaga dardumar da ladabi, ya ninke, ya miƙo mini.

Ya sa na'urar a jikin bututun da ke ƙarƙashin mazaunin.

Ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas!

Kamar ana zuba gero a faranti.

Na dafe ƙirji. "Innalillahi..."

Yaya ya taso daga jikin bango, idanunsa waje.

"Ka gani! Ka gani da idonka! Abin da ya kashe Baba ke nan! Faɗi mana, kai mai hujja. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Na kalli Kassim. A raina ina roƙonsa: ka ce shi ne. Kalma ɗaya. Ka ce shi ne, Yaya ya huce, a ba ka ni.

Ya kashe na'urar. Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Ban sani ba. Ni ba likita ba ne, ban ga takardun asibitinsa ba. Mai yiwuwa aikin da ya yi ne, kuma zuciyata ta fi karkata can. Amma in na ce maka na tabbata, na yi maka ƙarya a kan mamaci. Abin da na sani shi ne abin da na'urar nan ta nuna: bututun nan biyu ba su da kyau. Kada kowa ya ƙara zama a kai."

Yaya ya yi kamar zai kai masa hannu. Inna ta ɗaga tafinta, ya tsaya.

"Yaro," ta ce, "ni fa? Da jikokina?"

Sai a lokacin ya ɗan ɗago.

"Inna, ba irin wanda ke kayar da mutum a kwana ɗaya ba ne. Ki kwantar da hankalinki. Amma shekarun da yawa, gara a je asibiti a duba ki, a duba yaran, a gaya wa likita abin da aka gani. Ni zan raka ku in an yarda."

"In fitar da shi in jefar a bola," in ji Yaya.

"A'a, Yaya, don Allah. In ka jefar, wani zai tsinta ya kai wa maƙera. Gobe ya zama tukunya ko ludayi a gidan da ba su san komai ba. A sa shi a ɗakin da ba kowa, a kulle. Malaminmu ya san hukumar da ke kula da irin wannan a Yamai, zai kira su yau."

Inna ta zauna a ƙasa, a kan yashi, ta zuba wa bencin ido.

"Kwana uku ya yi yana haɗa shi," ta ce, kamar da kanta take magana. "Yana tari yana haɗawa. Na ce ka bari mana, Malam. Ya ce ƙafarki na ciwo, Maryama, ba na son kina zama a tabarma." Ta share ido da bakin zanenta. "Bai sani ba. Wallahi bai sani ba."

"Bai sani ba, Inna," in ji Kassim. "Ba wanda ya gaya masa. Laifin ba nasa ba ne."

Na durƙusa na rungume ta, muka yi kuka tare. Yaya ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na motsi.

Shi da Kassim ne suka ɗaura igiya a ƙafafun bencin, suka ja shi zuwa tsohon ɗakin ajiya, suka sa kwaɗo. Da suka gama, Kassim ya wanke hannu, ya yi sallama zai tafi.

"Mahamud," in ji Inna, "ka raka shi."

Yaya bai motsa ba.

"Ka ji ni. Yaron nan da ya ce maka 'shi ne', da yanzu ka ba shi ƙanwarka. Ya san haka sarai, ya ƙi faɗa. Irin wannan nake so ya riƙe mini 'ya."

Yaya ya ɗauki hularsa. Daga inda nake ina jiyo su a zaure.

"Har yanzu maganar nan ta waya tana ci mini rai," in ji Yaya.

"Ni ma haka, Yaya."

"Ranar Alhamis ne zaman naku na ƙarshe?"

"E."

"Ana barin wanda ba ɗalibi ba ya shiga?"

Ranar Alhamis Yaya Mahamud na zaune a layin baya na amfi, da babbar rigarsa ta Juma'a.

Na hau mumbari. Ban ambaci Baba ba. Na kawo alƙaluma, na kawo dokokin da na kwashe mako uku ina haddacewa. Na ce duniya na kashe dukiya wajen gadin tashoshi don kada ɓarawo ya saci abin haɗa bam, kuma hakan daidai ne. Amma tsaron da ya tsaya a ƙofar tasha, bai kai ga mai haƙa ba, bai kai ga matarsa da ke zaune a gida ba, rabin tsaro ne. Na nemi abu biyu: kada wani ƙarfe ya fita daga wurin haƙa sai an auna shi, kuma a ci gaba da duba lafiyar ma'aikaci har ƙarshen ransa, ba ranar da ya ajiye aiki kawai ba.

Na zauna. Kassim ya miƙe.

Kada ku ɗauka ya sassauta mini. Ina! Ya yi ta jan maganar wa zai ɗauki nauyi, ya kama ni a kan wata sadara da na rubuta ba daidai ba, har sai da na ji kamar in jefe shi da bik ɗin da nake rubutu da shi. Aka ba mu hutun minti ashirin don sasantawa. Muka zauna a kan matakala, wakilan ƙasashe goma zagaye da mu, muna gogewa muna sake rubutawa.

"Ka cika taurin kai," na ce masa ƙasa-ƙasa.

"A wurinki na koya, sarauniya."

Da aka koma, ya ɗauki makirufo.

"Norlandiya ta ce babu hujja, kuma ba ta janye ba. Amma wanda ya ce babu hujja, bai kamata ya ji tsoron a nemo ta ba. Mun amince a kafa binciken likitoci masu zaman kansu, ba namu ba, ba na Saharaniya ba, kuma mu za mu ɗauki nauyinsa. Mun kuma amince da auna ƙarafa, ba tare da wani sharaɗi ba."

Aka kaɗa ƙuri'a. Munira ce ta ƙirga hannuwa, ita ta karanta sakamako: arba'in da bakwai sun amince, tara sun ƙi. Da ta gama, ba ta zauna ba.

"Mushe, ina da magana. Na yanki bidiyon zaman farko na tura waje, don in ɓata wani. Amanar da aka ba ni ce na ci. Ina neman gafarar taro... da ta Ummul Khairi."

Mushe Idirisu ya ce ta same shi a buro. Da aka tashi na bi ta, na kama hannunta. Ban ce na manta ba, don ban manta ba. Na dai ce mata ta zo ta gaida Inna, ita ce ke da haƙƙi. Ta zo kuwa, bayan kwana biyu.

Ni da Kassim aka zaɓa zuwa Yamai, nan da wata biyu.

A ƙofar amfi Yaya ya tare mu. Ya dubi Kassim sama da ƙasa.

"Ashe haka kuke wahalar da kanku a nan."

"Haka ne, Yaya."

"Ka matsa wa ƙanwata da yawa."

"Ita ma ba ta raga mini ba."

Yaya ya yi wani guntun murmushi, ya maida fuska ya ɗaure.

"To ku ji. Daga nan zuwa Yamai wuni guda ne cur a motar bis. Ƙanwata ba za ta yi wannan tafiya da namijin da ba muharraminta ba."

"Yaya, don Allah, wahalar da na sha..."

"Ban gama ba. Wata biyu kuka ce? Ka gaya wa baffanninka su zo Asabar ɗin nan. In ya so a ɗaura kafin tafiyar."

Kassim ya durƙusa yana godiya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na ruga wajen 'yan ajinmu, ina jin Yaya na cewa, "Dubi wadda ta gama yi wa duniya faɗa yanzun nan."

A cikin makonnin nan ma'aikatan hukumar suka zo da mota suka tafi da bencin. Likita ya duba Inna da yaran, ya ce bai ga abin tashin hankali ba, amma Inna ta riƙa dawowa duk shekara. Kassim ne ya rubuta ranar a kalandar ɗakinta da hannunsa.

Ranar Asabar ta bakwai bayan haka, da misalin ƙarfe goma na safe, ina ƙuryar ɗakina, lalle a hannu da ƙafa, ƙawaye sun cika ɗakin da surutu. Daga ƙofar gida muka ji an ɗauki salati, sai guɗa ta tashi a tsakar gida.

An ɗaura.

Can sai ga Yaya Mahamud ya ɗaga labule. Idanunsa jawur. Ya miƙo mini goro da dabino a cikin hankici.

"Ungo, ki kai wa Inna. Ni in na shiga wurinta yanzu, zan ba da maza."

Ya saki labulen da sauri.

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Ƙawaye suka hau shewa. Na ɗauka da yatsu biyu don kada lallen ya ɓaci, na kara a kunne.

"Assalamu alaikum, matar Kassim."

Na buɗe baki in amsa, murya ta ƙi fita.

"Ummuna? Kina ji na?"

Na gyaɗa kai, kamar yana ganina.

"Kuka kike yi ko dariya?"

"Duka..." na samu na ce.

"To yi abinki, amaryata. Ba sai kin ce komai ba. Ina nan ƙofar gidanku, mutane na ta ja na ana gaisawa, amma ba zan kashe ba. Ki bar wayar a kunnenki kawai."

Na bar ta. Na tashi da goron a hannu ɗaya, shi a kunnena, na ratsa tsakar gida zuwa wurin Inna.